William Hague da Mazaɓar Richmond: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rayuwa da Siyasar Wakilin Makiyayan Yorkshire

Mafi yawan masu bibiyar labaran duniya sun san William Hague ne a matsayin Sakataren Harkokin Wajen Birtaniya, wanda muryarsa ta yawaita a kafafen watsa labarai tsakanin 2010 da 2014. Kaɗan ne suka san cewa duk tsawon wannan lokaci, da ma shekaru 21 kafin nan, kujerar da yake zaune a kai a majalisa ta makiyayan tumaki ce da manoma da iyalan sojoji na wani yanki na karkara a arewacin Ingila. Tambayoyin da ke ƙasa sun bi rayuwarsa ta wannan fuska, domin ba a fahimtar faɗuwarsa da sake tashinsa sai an dubi mazaɓar da ta riƙe shi.

Wane ne William Hague, kuma daga wane irin gida ya fito?

An haifi William Jefferson Hague ranar 26 ga Maris, 1961, a Rotherham da ke kudancin Yorkshire, yankin ma'adinan kwal da masana'antun ƙarfe inda jam'iyyar Labour take da ƙarfi tun kaka da kakanni. Iyayensa suna da ƙaramin kamfanin yin lemon kwalba, kuma yana saurayi ya yi aikin rarraba kaya zuwa shaguna da mashayu a garuruwan yankin. Ya yi sakandare a makarantar gwamnati ta Wath-upon-Dearne, abin da ya bambanta shi da jiga-jigan jam'iyyar Conservative da yawa waɗanda suka fito daga makarantun kuɗi na 'ya'yan masu hannu da shuni. Daga nan ya wuce kwalejin Magdalen ta Jami'ar Oxford, inda ya karanta falsafa da siyasa da tattalin arziki, ya kuma shugabanci shahararriyar ƙungiyar muhawara ta ɗaliban jami'ar. Bayan ya kammala ya yi aiki da kamfanin ba da shawara na McKinsey, ya kuma yi digiri na biyu kan harkokin kasuwanci a makarantar INSEAD da ke Faransa.

Me ya sa ake yawan ambaton jawabin da ya yi yana ɗan shekara 16?

A babban taron jam'iyyar Conservative na 1977 a garin Blackpool, lokacin Margaret Thatcher tana jagorancin adawa, aka bai wa wannan ɗan makaranta dama ya hau mumbari. Cikin karin harshen mutanen Yorkshire ya gargaɗi dattawan da suka cika zauren kan faɗaɗar ikon gwamnati a rayuwar jama'a, ya ce musu rabinsu ba za su kasance a raye ba nan da shekara 30 ko 40, amma shi da tsararsa ne za su rayu da sakamakon. Zauren ya kaure da dariya da tafi, jaridu suka ɗauka, yaron ya yi suna a dare ɗaya.

Sunan nan ya yi masa rana, ya kuma zame masa kaya. Shekaru 20 bayan haka, da ya zama shugaban jam'iyya, gidajen talabijin ba su daina nuna hoton bidiyon ba, masu zane-zanen barkwanci kuma suka riƙa zana shi a matsayin yaro mai gajeren wando wanda ya tsufa tun bai girma ba.

Wane irin wuri ne Richmond, kuma su wane ne mutanenta?

Kada a rikita ta da Richmond ta gefen Landan. Wannan tana arewacin Yorkshire ne, kuma tana cikin mazaɓu mafi faɗin ƙasa a Ingila. A yammacinta akwai kwaruruka irin su Swaledale da Wensleydale, inda tuddai suke da sanyi da iska, ƙasar ba ta karɓar noman hatsi sosai, saboda haka arzikin mutane tumaki ne da shanun madara. Gonakin an raba su da katangun duwatsu da aka jera bisa juna ba tare da siminti ba, wasu sun haura shekara 200 a tsaye, kuma kusan kowane fili yana da ɗan rumbun dutse da ake ajiye ciyawar hunturu a ciki. Tunkiyar da aka fi kiwo ita ce mai suna Swaledale, mai lanƙwasassun ƙaho da baƙar fuska da farin hanci, wadda take jure sanyin kan tudu. A kaka, makiyaya kan hallara a kasuwar dabbobi ta Hawes, inda ake gwanjon raguna da tumaki, kuma farashin da aka samu a waɗannan makonni shi ne yake nuna ko iyali sun ci ribar shekara ko sun tafka asara. A Hawes ɗin ne kuma ake yin cukun Wensleydale da ya yi suna a Birtaniya.

Idan aka gangaro gabas, ƙasar ta miƙe, ana noman alkama da sha'ir, nan ne kuma Northallerton take, hedikwatar mulkin yankin, tare da ƙananan garuruwan kasuwa irin su Bedale da Stokesley. Sai kuma Catterick, barikin sojan ƙasa mafi girma da Birtaniya take da shi, da sansanin sojan sama na Leeming. Wannan haɗi na makiyayi da manomi da soja da ɗan fansho shi ya sa mazaɓar take hannun 'yan mazan jiya, wato jam'iyyar Conservative, tun 1910 ba tare da yankewa ba.

Idan mazaɓar ta jam'iyyarsa ce tun fil azal, me ya sa ake cewa da ƙyar ya ci zaɓensa na farko?

Hague ya fara tsayawa takara ne a 1987 a mazaɓar Wentworth, kusa da garinsu, inda ya sha kaye kamar yadda kowa ya zata. Damarsa ta zo ne da Leon Brittan, ɗan majalisar Richmond, ya ajiye kujerarsa domin ya zama kwamishina a Hukumar Tarayyar Turai. Aka yi zaɓen cike gurbi ranar 23 ga Fabrairu, 1989, lokacin da farin jinin gwamnatin Thatcher ya soma dusashewa. Brittan ya ci zaɓen 1987 da ratar ƙuri'u fiye da 19,000, amma Hague da ƙuri'a 2,634 kacal ya tsira.

Abin da ya cece shi rabuwar kan abokan hamayya ce. Jam'iyyun tsaka-tsaki biyu da suka kasance abokan ƙawance sun ɓaɓe, kowacce ta tsayar da nata ɗan takara: Mike Potter, wanda manomi ne ɗan yankin, ya tsaya wa ɗaya daga cikinsu, SDP, ya zo na biyu, Barbara Pearce ta ɗaya jam'iyyar kuma ta zo ta uku. Da an haɗa ƙuri'un mutum biyun nan wuri ɗaya, da sun kayar da Hague da tazara mai yawa. Darasin bai wuce shi ba. Ya gane cewa a idon makiyayan Swaledale shi baƙo ne daga kudancin lardi, ɗan boko wanda bai taɓa kwana a garke lokacin haihuwar tumaki ba, don haka ya duƙufa wajen zagaya ƙauyuka, halartar bukukuwan baje kolin amfanin gona na bazara, da zaman sauraron koke-koken jama'a a ƙarshen mako. A zaɓen 2010, na ƙarshe da ya tsaya, ratarsa ta haura ƙuri'a 23,000.

Waɗanne muƙamai ya riƙe kafin ya zama shugaban jam'iyya?

Ya fara da zama mataimaki na musamman a majalisa ga Norman Lamont, ministan kuɗi, sannan a 1993 ya zama ƙaramin minista a ma'aikatar walwalar jama'a. A matsayinsa na ministan da ke kula da naƙasassu, shi ya jagoranci dokar 1995 da ta haramta nuna musu bambanci wajen ɗaukar aiki da samun hidimomi. Masu fafutuka sun ce dokar ba ta kai yadda suke so ba, amma ita ce ta farko irinta a Birtaniya, kuma Hague ya sha ambatonta a cikin ayyukan da ya fi alfahari da su.

A Yulin 1995 Firayim Minista John Major ya naɗa shi Sakataren Harkokin Wales yana da shekara 34. Wanda ya gada, John Redwood, ya sha kunya da kyamara ta kama shi yana motsa baki a lokacin taken Wales ba tare da ya san kalmomin ba. Hague ya nemi wata ma'aikaciyar ofishinsa, Ffion Jenkins, ta koya masa taken, kuma ita ya aura a Disambar 1997. A wannan muƙami ne kuma ya kafa kwamitin bincike a 1996 kan cin zarafin yara a gidajen renon gwamnati na arewacin Wales, ƙarƙashin alƙali Ronald Waterhouse.

Me ya sa shugabancinsa na jam'iyya ya ci tura?

A Mayun 1997 Tony Blair, shugaban jam'iyyar Labour, ya yi wa jam'iyyar Conservative kayen da ba ta ga irinsa ba tun 1906, ta tashi da kujeru 165 kacal, ba ko ɗaya a Scotland ko Wales. Manyan da ake sa ran za su gaji Major, irin su Michael Portillo, sun rasa kujerunsu. Hague, wanda Richmond ta dawo da shi lafiya, ya kayar da Kenneth Clarke da ƙuri'a 92 da 70 a zagayen ƙarshe, ya zama shugaba yana da shekara 36.

A zauren majalisa babu mai musun gwanintarsa. Kowace Laraba, a zaman tambayoyi ga Firayim Minista, yakan tsare Blair da hujja da zolaya har 'yan Labour su kasa riƙe dariya. Amma abin da ke burge 'yan majalisa bai kai ga masu jefa ƙuri'a ba. Ƙoƙarin da masu ba shi shawara suka yi na nuna shi a matsayin ɗan zamani, kamar hoton da aka ɗauke shi sanye da hular hana-salla mai ɗauke da sunansa a wurin wasan yara, ya zama abin ba'a. Haka ma iƙirarin da ya yi a wata hira a 2000 cewa yana saurayi yakan sha kofin giya 14 a rana lokacin rarraba kaya.

Matsalar ta fi hula zurfi. Tattalin arziki yana tafiya daidai, jama'a ba su manta da rigingimun gwamnatin Major ba, jam'iyyar kuma ta rabu kan batun Turai. Hague ya samu nasara a zaɓen majalisar Turai na 1999, inda jam'iyyarsa ta ci kujeru 36, Labour 29, kuma wannan nasara ta ruɗe shi ya ɗora yaƙin neman zaɓen 2001 a kan ceto kuɗin fam daga kuɗin euro, da batun masu neman mafaka da rage haraji. Batutuwa ne da ke faranta ran waɗanda dama nasa ne, alhali mutanen birane da kewayensu, waɗanda su ne ke yanke hukunci, asibiti da makaranta ne a ransu. A ganina nan ne zaman Richmond ya cuce shi: wanda duk Asabar yake jin ra'ayinsa na dawo masa daga bakin mutanen da ke ƙaunarsa, da wuya ya ji yadda sauran ƙasar ta sauya. A zaɓen 7 ga Yuni, 2001, jam'iyyar ta ƙara kujera ɗaya tak, ta koma 166, kuma washegari da safe ya sanar da murabus. Shi ne shugaban Conservative na farko tun Austen Chamberlain da bai zama Firayim Minista ba.

Abu ɗaya da ya bari wanda ya daɗe shi ne tsarin zaɓen shugaba da ya kawo a 1998, inda 'yan majalisa ke tace 'yan takara su rage biyu, sannan 'yan jam'iyya masu kati su zaɓi ɗaya.

Yaya annobar dabbobi ta 2001 ta shafi mazaɓarsa?

A Fabrairun 2001 aka gano cutar baki da kofato a wata mayanka da ke Essex, aka bi sawunta zuwa wata gonar aladu a Northumberland. Kafin a farga, tumaki sun riga sun yaɗa ta ta kasuwannin dabbobi. Gwamnati ta ɗauki manufar kashe dabbobin gonar da cutar ta ɓulla da na gonakin da ke maƙwabtaka da ita, kuma kafin annobar ta lafa an tabbatar da ita a gonaki fiye da 2,000, an hallaka dabbobi fiye da miliyan 6. Cumbria ce ta fi jin jiki, amma arewacin Yorkshire ma ta ɗanɗana, har da kwarin Wensleydale.

Duk wanda ya san abin da garke yake nufi ga makiyayi zai fahimci cewa diyyar kuɗi ba ta mayar da abin da aka rasa. Tumakin kan tudu a can ba a killace suke ba. Kowace uwa tana koya wa 'yarta iyakar makiyayarsu, ilimin yana bin jini daga tsara zuwa tsara, kuma idan aka kashe garken gaba ɗaya, sababbin da aka sayo ba su san inda za su tsaya ba. An rufe hanyoyin ƙafa na karkara, aka baza tabarmin maganin kashe ƙwayoyin cuta a ƙofofin gonaki, masu masauki da shagunan da suka dogara da 'yan yawon buɗe ido suka zauna babu ciniki. Hague, a matsayinsa na jagoran adawa kuma wakilin irin waɗannan mutane, ya matsa wa gwamnati lamba ta shigo da sojoji cikin aikin, ta kuma ɗage zaɓe. An shigo da sojojin, zaɓen da aka shirya yi a Mayu kuma aka mayar da shi Yuni. Sai dai fushin karkara bai zama ƙuri'un da za su girgiza Blair ba, domin yawancin kujerun da annobar ta shafa dama na 'yan adawa ne.

Me ya yi bayan ya sauka?

Bai bar majalisa ba. Ya koma kujerun baya a matsayin wakilin Richmond kawai, ya koyi kaɗa piyano, ya rubuta tarihin tsohon Firayim Minista William Pitt ƙarami da aka buga a 2004, sannan na William Wilberforce, ɗan Yorkshire da ya jagoranci yaƙi da cinikin bayi a majalisa, wanda ya fito a 2007. Mutanen da suka ƙi shi a matsayin shugaba suka soma ganin wani mutum daban, mai raha da sanin tarihi, wanda bai riƙe kowa a zuci ba. Da David Cameron ya karɓi jam'iyyar a Disambar 2005, sai ya dawo da shi a matsayin kakakin adawa kan harkokin waje. Da mazaɓarsa mai rawa ce, da ƙila guguwar 1997 ko ta 2001 ta yi gaba da shi kamar yadda ta yi da wasu. Richmond ce ta ba shi inda zai zauna har guguwar ta wuce.

Wane tarihi ya bari a ma'aikatar harkokin waje, musamman game da Afirka?

Bayan zaɓen Mayun 2010, wanda babu jam'iyyar da ta samu rinjaye, Hague ne ya jagoranci tawagar da ta ƙulla gwamnatin haɗin gwiwa da jam'iyyar Liberal Democrat, sannan ya zama Sakataren Harkokin Waje. Ya ziyarci Mogadishu a 2012, aka sake buɗe ofishin jakadancin Birtaniya a Somaliya a 2013. A Yunin 2013 ya tsaya a majalisa ya bayyana nadamar gwamnati kan azabtarwar da aka yi wa 'yan Kenya lokacin tawayen Mau Mau, tare da sanar da biyan fam miliyan 19.9 kan ƙarar mutum 5,228. Gwamnati ba ta amince da alhakin shari'a ba, kuma sai da tsofaffin suka kai ƙara kotu kafin a kai ga haka, amma duk da haka magana ce da ministocin da suka gabace shi suka ƙi furtawa.

A 2012 ya ƙaddamar da shirin yaƙi da fyaɗe a fagen yaƙi tare da 'yar fim ɗin Amurka Angelina Jolie, wanda ya kai ga babban taro a Landan a Yunin 2014 da ƙasashe fiye da 120 suka halarta. A gefen taron ne, ranar 12 ga Yuni, ya karɓi baƙuncin ministoci daga Najeriya da maƙwabtanta, Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, kan Boko Haram, wata biyu bayan sace 'yan matan Chibok, inda aka yi alkawarin musayar bayanan sirri da horar da sojoji. Hukumar da ke sa ido kan tallafin Birtaniya ta bayyana a 2020 cewa shirin yaƙi da fyaɗen ya yi sanyi bayan tafiyarsa.

Babban tabon da ke tarihinsa Libiya ce. Yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata har Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 a Maris ɗin 2011, wanda ya ba da izinin kare fararen hula, amma ya ƙare da kifar da gwamnatin Mu'ammar Gaddafi, aka kuma kashe shi a Oktoba. Ba a yi tanadin abin da zai biyo baya ba. Makaman da suka fito daga rumbunan Libiya sun bazu cikin Sahel, sun rura wutar rikicin arewacin Mali a 2012, kuma mutanen Nijar da arewacin Najeriya ba sa bukatar a ba su labarin abin da yawaitar bindiga ta jawo. A 2016 kwamitin harkokin waje na majalisar Birtaniya ya soki shigar da aka yi, ya ce an gina ta a kan bayanan da ba su inganta ba, ya ɗora babban alhakin a kan Cameron. Amma sakataren harkokin waje na lokacin ba zai ce babu hannunsa ba. Inuwar Iraƙi da Libiya na cikin abin da ya sa majalisa ta ƙi amincewa da kai hari Siriya a Agustan 2013, da ƙuri'a 285 da 272, duk da goyon bayan da Hague ya bai wa harin.

Shin manyan muƙaman ba su raba shi da mutanen mazaɓarsa ba?

Dole sun rage lokacin da yake yi a can, amma akwai abin da mutanen yankin ke tunawa. A 2012, da hukumomin lafiya suka yi shirin rage sashen haihuwa da na yara a asibitin Friarage da ke Northallerton, Hague, yana Sakataren Harkokin Waje, ya shiga zanga-zangar adawa da shirin tare da jama'a. Ga mai juna biyu da ke can ƙuryar Wensleydale, mayar da sashen zuwa Middlesbrough ko Darlington na nufin doguwar tafiya a kan siraran hanyoyi, wani lokaci cikin dusar ƙanƙara. Masu suka sun ce ba daidai ba ne minista ya yi zanga-zanga kan sakamakon manufofin gwamnatin da yake ciki, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. A ƙarshe an rage sashen a 2014, aka bar haihuwa a hannun ungozomomi.

Yaushe ya bar majalisa, kuma wa ya gaje shi?

A Yulin 2014 ya bar ma'aikatar harkokin waje ya zama jagoran majalisar wakilai, ya kuma sanar da cewa ba zai sake tsayawa ba. Ya sauka a 2015 bayan shekara 26, aka ba shi kujera a majalisar dattawa, wadda ba a zaɓen mambobinta, da laƙabin Lord Hague na Richmond. A ƙuri'ar raba gardama ta 2016, mutumin da ya taɓa yaƙin ceto fam ya goyi bayan ci gaba da zama a Tarayyar Turai. Ya yi aiki da Yarima William kan yaƙi da safarar namun daji, yana rubuta sharhi a jarida, kuma a Nuwambar 2024 aka zaɓe shi uban Jami'ar Oxford.

Wanda ya gaje shi a Richmond shi ne Rishi Sunak, ɗan Southampton wanda iyayensa 'yan asalin Indiya ne da aka haifa a gabashin Afirka, shi ma baƙo ga kiwo da noma kamar yadda Hague ya kasance a 1989. Sunak ya zama Firayim Minista a Oktoban 2022. A zaɓen Yulin 2024, da jam'iyyar ta faɗi zuwa kujeru 121, mazaɓar, wadda aka sake wa iyaka da suna zuwa Richmond da Northallerton, ta dawo da shi da ratar ƙuri'u fiye da 12,000.